Tsohon Yayi Ko Tsohuwar Zuma: Wane Suna Za Ka Ba Akushin Kakarka?

A yawancin gidajen Karaye da Rogo akwai ɗakin da yara ba su cika daɗewa a ciki ba sai in an aike su, wato ɗakin kaka. A nan ake samun adaka a ƙarƙashin gado, da akushi a kife a lungu, da jeren kwalla da fanteka, wataƙila har da fitilar ƙwai a rataye a jikin ƙusa. Idan aka ce wa ɗalibin sakandare ya siffanta waɗannan kaya, amsar da ta fi saurin zuwa bakinsa ita ce, "Ai duk tsohon yayi ne." Wani ma cewa zai yi, "Kayan ƙauye." Daga nan zance ya ƙare.

To amma Hausa ba ta talauce har haka ba. Tana da kalmar yabon tsohon abu, tana da ta kushe shi, tana kuma da wadda ake yi masa dariyar ƙauna da ita. Sanin bambancinsu zai amfane ku ta hanya biyu. Na farko, a jarrabawar Hausa ta WAEC da NECO ana ba da insha'i, kuma ɗalibin da ya iya zaɓen kalma ya fi wanda ke ta maimaita "mai kyau" da "tsoho" samun maki. Na biyu ya fi wannan nauyi: kalma ɗaya da aka jefa ba a wurinta ba tana iya ɓata wa tsohuwa rai, ko ta sa abokin karatu ya fara jin kunyar gidansu.

Mene ne yayi?

Yayi shi ne abin da jama'a suka ɗauka a wani lokaci, suka yi ta yi, sannan suka ajiye. Akwai yayin ɗinki, da yayin ɗaurin kallabi, da yayin aski, har da yayin magana. Abin da ake yi yanzu shi ne "sabon yayi", mai bin sa kuma "ɗan yayi". Idan aka ce abu "tsohon yayi" ne, ana nufin an daina yayinsa, shi ke nan. Kalmar ba ta ce ya lalace ba, ba ta kuma ce ba shi da amfani ba.

Shi ya sa ba kowane tsohon abu ya cancanci wannan suna ba. Gado mai rumfa tsohon yayi ne, domin an yi yayinsa a ɗakin amare, aka kuma daina. Amma turmi da taɓarya fa? Ba a taɓa yayinsu ba balle a daina. Suna nan tun kaka da kakanni, kuma gobe da asuba za ku ji sautinsu a Yammedi ko a Zarewa. Wanda ya kira turmi tsohon yayi ya yi kuskuren Hausa tun kafin a zo maganar ladabi.

Sannan yayi yana juyowa. Hausawa na cewa zamani riga ne, riga kuwa ana cire ta a sake sawa. Saƙi da rinin shuni, waɗanda aka daɗe ana barin su ga tsofaffi, yau matasa na neman su don bikin aure da ranar al'adu a makaranta.

Kalmomin da ke ɗaga darajar abu

Idan kana son ka nuna abu ya tsufa kuma kana ganin girmansa, ga kalmomin da za ka ɗauka.

"Na da" ita ce mafi sauƙi: aikin da, ƙirar da, mutanen da. A bakin dattawa sau da yawa yabo ne. Idan tsoho ya ƙwanƙwasa kekensa ƙirar Raleigh ya ce, "Ƙarfen da ne," yana nufin ya fi na yanzu ƙwari.

"Na dauri" ta fi "na da" nisa. Zamanin dauri shi ne can baya, wanda ko kakanku labari ya ji. Karaye kanta garin dauri ce. Tarihin Kano ya ambace ta a labarin Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya zauna a garin sama da shekara 400 da suka wuce, da kuma labarin Wambai Giwa da ya biyo baya. Saboda haka wayar hannu da aka saya shekara goma da suka wuce ba za ta zama ta dauri ba, komai tsufanta.

"Na gargajiya" shi ne abin da al'umma ta gada kuma take ci gaba da yi: sarautar gargajiya, maganin gargajiya, ginin gargajiya na tubali da azara da zankwaye. "Na gado" kuwa ya fi kusa da gida, abin da ya fito daga hannun iyaye zuwa 'ya'ya ne, kamar gona ko takobi ko sana'ar ƙira.

"Gangariya" na nufin na ainihi, wanda ba a gauraya shi da komai ba. Kishiyarsa ita ce "jabu".

Akwai kuma waɗanda ake yi wa mutane. "Tsohon hannu" shi ne wanda ya daɗe a sana'a har ya san ciki da bayanta. "Mazan jiya" su ne waɗanda suka yi abin a zo a gani a lokacinsu. Sai kuma babbar cikinsu, "tsohuwar zuma", daga karin maganar nan da ke cewa da tsohuwar zuma ake magani. Duk abin da daɗewa ta ƙara masa daraja, mutum ne ko kaya ko shawara, ya shiga wannan sahu.

Kalmomin da ke sauke darajar abu

Waɗannan ma Hausa ce mai kyau, sai dai a san inda za a sa su. "Akwala" ita ce motar da ta gama ƙarewa amma ana ta lallaɓa ta. "Kwaraɓaɓɓe" shi ne abin da ya saki, ko'ina na motsi, kamar kwaraɓaɓɓen benci a bayan aji. "Tsumma" tufa ce da ta mutu. "Gwanjo" kuwa kayan da wani ya riga ya yi amfani da su ne aka sake sayarwa, don haka rigar gwanjo tana iya zama sabon yayi.

Ku lura da wani abu: akwala da kwaraɓaɓɓe da tsumma duk suna magana ne a kan lalacewa, ba a kan shekaru ba. Akushin da ya shekara 60 bai tsage ba ba kwaraɓaɓɓe ba ne. Bokitin roba da aka saya bara ya fashe, shi ne ya cancanci kushe.

Akwai wasu kalmomi biyu da ɗalibai ke yawan rikitawa, "kango" da "kufai". Kango gini ne da ba kowa a ciki, ko an tashi an bar shi, ko ba a gama shi ba. Kufai kuwa wurin da gari ko gida ya taɓa zama ne, mutanen suka tashi, sai alama ta rage. Mutanen ƙasar Karaye sun san wannan kalma da kyau. Lokacin da aka gina madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, wasu ƙauyuka sun tashi sun koma sabon matsuguni. Idan dattijo daga cikinsu ya ce "kufanmu", ba kushe yake yi ba, kewa ce.

Sirrin "ɗan" da "'yar"

Yaya Bahaushe ke nuna cewa abu ya tsufa, yana da ɗan ban dariya, amma yana son sa a haka? Ba kalma ɗaya yake amfani da ita ba, ƙananan kalmomi yake jerawa. Ku kwatanta waɗannan:

Tsohuwar rediyo ce.
'Yar tsohuwar rediyon Baba ce, tana nan abinta.

Jimla ta farko bayani ce kawai. Ta biyu kuwa da murmushi ake faɗinta. "'Yar" ta rage girman rediyon ta kuma jawo ta kusa da zuciya. "Abinta" ta nuna rediyon ba ruwanta da zamani, tana harkarta. Haka ake cewa ɗan ƙaramin masallacin unguwa, 'yar kasuwar ƙauye, ɗan tsohon nan mai sayar da goro. A ƙara da "gwanin sha'awa" a ƙarshe, an gama yabo.

Amsa-kama ma na taimakawa. Sabon abu sabo ne dal ko fil, tsoho kuwa ya tsufa tukuf. Akushi baƙi ne ƙirin, randa na zaune daram, rumbu na tsaye ƙiƙam a tsakar gida, tasar da aka goge da toka tana ƙyal-ƙyal. Mai karatu na ganin abin da idonsa ba tare da an ce masa "mai kyau" ba.

Wata dabarar ita ce a faɗi lokaci maimakon a ce "tsoho". Hausa na da "tun tale-tale" da "tun fil'azal" ga abin da ba a san farkonsa ba. Tana kuma da ma'aunai na kusa waɗanda za ku iya sa musu shekara. "Tun zamanin Sardauna" na nufin kafin Janairun 1966. "Tun ana bin hannun hagu" na nufin kafin Afrilun 1972, lokacin da motoci suka koma hannun dama a Nijeriya. "Tun kafin canjin kuɗi" a bakin tsofaffi na nufin kafin naira ta zo a 1973. "Tun zamanin En'e" kuwa na nuni ga hukumar gargajiya da ta riƙe mulkin ƙasa kafin a kafa ƙananan hukumomi irin na yau a 1976. Idan kaka ta ce adakarta ta kafin canjin kuɗi ce, ta riga ta gaya muku ta haura shekara 50.

Abin da ya zo wani iri

Ban da tsufa, akwai abin da ya saɓa wa yadda aka saba. Mafi sauƙin faɗi shi ne "wani iri": miyar ta yi wani iri, yana tafiya wani iri. Mai magana ya ji akwai abin da bai zauna ba, amma bai kama sunansa ba.

"Bambaraƙwai" ta fi ƙarfi. Ana faɗinta idan abu biyu da ba su dace ba suka haɗu, shi ya sa ake cewa bambaraƙwai, namiji da suna Hajara. Mutum ya sa babbar riga da takalmin ƙwallo, wannan bambaraƙwai ne. 'Yar uwarta ita ce "sabon salo", wadda ake cika ta da kiran salla da usur, ga abin da aka ƙirƙiro ba a taɓa gani ba kuma bai yi tsari ba. Idan abin ya kai a riƙe baki, sai a ce abin mamaki, kare da tallan tsire. Dukkansu da raha ake faɗinsu, kuma sun fi dacewa da abu ko aiki.

Waɗanda ake yi wa mutum sun fi bukatar hattara. "Bauɗaɗɗe" shi ne wanda kullum ra'ayinsa ya saɓa wa na jama'a. "Bahago" asalinsa mai amfani da hannun hagu ne, amma ana aronsa ga mai wuyar sha'ani, abin da bai yi wa masu hannun hagu adalci ba. "Ya fita zakka" na nufin ya bambanta da sauran 'yan uwansa, kuma sau da yawa ba yabo ba ne. "Saniyar ware" kuwa shi ne wanda aka ƙi shiga harkarsa. Idan kana son ka ce abokinka ba irin kowa ba ne kuma kana yaba masa, ka ce "na daban ne". Wannan ba ta cizo.

Ku tuna kuma cewa baƙon abu a idon mai kallo yake. Sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yana Kusalla, a nan Karaye. Matasa na zuwa daga Legas da Inugu da Fatakwal su yi mako uku. Rumbu da jaki da amalanken shanu, waɗanda ku ba ku ko ɗaga kai ku kalla, wani daga cikinsu bai taɓa ganinsu ido da ido ba. Ku ma ranar da kuka je garinsu za ku ga abin da zai zo muku wani iri.

Kalmar da ke ciwo

"Baƙauye" asalinta mutumin ƙauye, kamar yadda "Bakano" yake mutumin Kano. Amma an ɗora mata wani kaya, har ta koma nufin wanda bai waye ba. Daga nan aka sami "ƙauyanci", da 'yan uwanta "bagidaje" da "gidadanci". Yanzu kuma matasa sun ƙaro "lokal". Finafinan barkwanci sun daɗe suna nuna mutumin ƙauye a matsayin wanda ya shigo birni ya ruɗe, mu kuma muna ta dariya.

Ɗalibin da ya taso daga Gwangwan ko Kafin Dabga ya tafi makarantar kwana ya san zafin wannan kalma. Ana iya jifansa da ita saboda karin harshensa, ko saboda ƙullin ƙuli-ƙuli da mazarƙwaila da aka sa masa a akwati. Abin da kan biyo baya shi ne ya fara ɓoye guzurinsa, ya canja maganarsa, in ya koma gida hutu shi ma ya fara kallon kayan gidansu a raine. A haka kalmomi da sana'o'i ke mutuwa, ba wanda ya hana su, kunya ce ta kashe su.

Alhali kuwa masara da dawa da raken da ake nomawa a ƙasar Rogo da maƙwabciyarta Maƙarfi, da kayan lambu da kifin da ake samu a bakin ruwan Challawa, suna cikin abin da ke cika kasuwannin birni. Wani abin lura kuma, a bukukuwan aure na birni an fito da ranar ƙauyawa, inda amarya da ƙawayenta ke ɗaura saƙi, su ɗauki ƙwarya da ludayi a yi ta hoto. Kayan da ake yi wa wani gori a kansu a makaranta, su ne ake kashe kuɗi a nemo ranar biki. Kafin ka kira wani baƙauye, ka tambayi kanka: rashin ladabi ya yi, ko kuwa abin da ya saba da shi ne ya bambanta da naka? In rashin ladabi ne, yana da sunansa, kuma ana samunsa a birni da ƙauye.

Kalmomin da suka fi kayansu tsawon rai

Wani lokaci kaya kan ɓace, sunansu ya zauna a baki. Kuna cewa "ba ni da ko sisi" ko "ko anini ban samu ba", amma da wuya a sami wanda ya taɓa riƙe su a cikinku. Kafin 1973, anini 10 ne kwabo 1, taro kwabo 3 ne, sisi kwabo 6, sule kwabo 12, fam kuma sule 20. Da naira ta zo, fam 1 ya koma naira 2, shi ya sa "jaka", wadda take fam 100, ta zama naira 200. Anini ya sami sabon aiki a kafaɗar soja, inda ake cewa hafsa mai anini biyu. Kwabo kuwa ya shiga sunan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta.

Ga kuma gyartai, mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya. Robobi sun kusa raba shi da sana'arsa, amma yana nan a karin magana: ban da tuna baya, gyartai ya ci sarauta. A ƙasar Japan akwai masu irin wannan aiki, suna liƙe fasasshen kwanon tangaran su bi sawun tsagin da garin zinariya, kuma kwanon kan ƙara daraja bayan gyaran. Ƙwaryar da gyartai ya ɗinke ita ma shaida ce cewa masu ita ba sa jefar da abin da zai gyaru.

Hatta kayan ƙwalamar yara suna da sunaye gwanin sha'awa: hanjin ligidi, carbin malam, ɗan tamatsitsi, tsami gaye. Ku tambayi iyayenku mata yadda ake yin kowanne, za ku sha labari.

Ku gwada hannunku

Ga yadda ɗalibai da yawa ke rubutu: "A ɗakin kakata akwai wani tsohon kwano. Tsohon yayi ne. Ba shi da kyau sosai amma tana son sa."

Ga kuma yadda za a iya gyara shi: "A ɗakin Iya akwai ɗan akushinta na gado, baƙi ƙirin, ya sha hannu har yana ƙyalli. Ta ce tun kafin canjin kuɗi aka kawo ta da shi. Tuwo ba ya saurin hucewa a cikinsa, shi ya sa har yau a nan take ajiye wa Malam nasa."

Abu ɗaya ake magana a kai, amma na biyu ya gaya mana launinsa, da shekarunsa, da amfaninsa, da matsayinsa a gidan, kuma bai zagi kowa ba.

Aikin wannan mako shi ne kowa ya sami tsoho ɗaya a gida ko a unguwa, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya roƙe shi ya nuna masa kaya biyar na da. Ku rubuta sunan kowanne, da aikin da ake yi da shi, da lokacin da aka same shi. Sannan ku zaɓa masa kalmar da ta dace: na dauri ne, na gado ne, tsohon yayi ne, ko tsohuwar zuma? Idan kun ji kalmar da ba ku sani ba, ku duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, ko ƙamusun Bargery na 1934 in malaminku na da hanyar samunsa. In ba ku same ta a ciki ba, kada ku yar da ita. Ku rubuta ta yadda kuka ji, da sunan garin da kuka ji ta, ku kai wa malamin Hausa a karanta a aji. Mai yiwuwa a Fulatan ko Turawa akwai kalmar da har yau ba wanda ya sa ta a takarda, kuma tsohuwar da ta san ta tana zaune a gidanku.